Awa Goma Sha Ɗaya Ana Neman Ɗigon Haske

Ranar Talata, 20 ga Fabrairun 1962, ana tsakiyar watan azumi, wajen la'asar, wani kumbo mai suna Friendship 7 ya gitta ta saman Kano ɗauke da mutum guda. Sunansa John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya ta sararin samaniya. Da ya leƙo ƙasa sai ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe. Waɗanda suka amsa masa ta rediyo a nan Kano suke, suka ce masa ai iska ta yi mako guda tana kaɗawa da ƙarfi. Wanda ya san Fabrairu a garin nan ba sai an yi masa fassara ba, hazon hunturu ne mutumin ya gani daga sama.

Me ya kawo ma'aikatan hukumar NASA Kano? Siffar duniya ce ta kawo su. Kumbon da ke zagaya duniya cikin awa ɗaya da rabi ba ya daɗewa a saman kowane gari, minti kaɗan ne sai ya faɗa bayan doron ƙasa, rediyo ta daina kama shi. Don haka aka jera tashoshi 18 a faɗin duniya, har da na cikin jiragen ruwa, wannan ta saki waccan ta karɓa. Ta tsibiran Kanari ta miƙa wa Kano, Kano ta miƙa wa Zanzibar. Abin da kowace tasha ta ji sai ta buga shi ta tangaraho zuwa cibiyar Goddard da ke jihar Maryland, inda manyan kwamfutocin IBM 7090 ke lissafa inda kumbon yake da inda zai kasance. An rufe tashar Zanzibar bayan juyin juya halin 1964. Ta Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini, daga baya ita ma aka naɗe ta. Mu da muka taso a Gyadi-Gyadi da Tarauni, kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin labarinta a aji.

Na fara da wannan ne saboda cibiyar Goddard ɗin nan da Kano ke aika wa saƙo a 1962, daga cikinta ne saƙonni suka riƙa fita ranar 17 ga Agustan 2017 zuwa ga masu madubin hangen nesa a ko'ina cikin duniya, ana ce musu su tashi su nemo wani haske da ba wanda ya san takamaiman inda yake. Yawanci idan ana ba da labarin wannan rana, Einstein ake ambata da injuna masu tsadar gaske. Sun cancanci ambato. Amma ni da sana'ata rubuta manhaja ce, abin da na fi gani a ciki shi ne yadda saƙo ya yi tafiya, inda ya maƙale, da wanda dare ya riska a wurin da ya dace yana riƙe da jerin sunaye a hannu. A wannan ɓangaren ne labarin ya shafe mu.

A 1915 Albert Einstein ya fito da bayaninsa kan nauyi, wato ƙarfin da ke janyo mangwaro ƙasa, yake kuma riƙe wata a kewayen duniya. Ya ce sarari ba fanko ba ne, yana lanƙwashewa a kusa da abu mai nauyi kamar yadda katifa ke lotsawa idan an zauna. A 1916 ya ƙara da cewa idan abubuwa masu nauyi suka yi motsi mai ƙarfi, lotsawar za ta bazu kamar igiyar ruwa a kududdufin da aka jefa wa dutse, tana tafiya da saurin haske. Ita ce igiyar nauyi. Duk abin da ta ratsa sai ta ɗan miƙe shi ta nan, ta matse shi ta can, amma da ƙanƙantar da shi kansa Einstein bai sa ran za a iya aunawa ba. A 1969 Joseph Weber na Jami'ar Maryland ya ce ya kama ta da wasu manyan curin alminiyom, sauran masana suka gwada ba su ji komai ba. Shaida ta farko mai ƙwari ta zo a kaikaice. A 1974 Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano wasu matattun taurari biyu da ke zagaya juna duk bayan awa 7 da minti 45, aka kuma ga suna matsowa kusa da juna sannu a hankali, daidai gwargwadon abin da lissafin Einstein ya ce za su yi idan igiyar nauyi na kwashe musu ƙarfi.

Irin waɗannan matattun taurari ana kiran su taurarin niyutiron. Ragowar babbar tauraruwa ce da ta fashe, cikinta ya dunƙule. Faɗin guda bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, kusan rabin tafiyar Kano zuwa Wudil, amma nauyinta ya fi na rana. Masu ƙoƙarin matsowa kusa da juna wata rana za su yi karo, kuma tun a shekarun 1970 da 1980 masana irin su James Lattimer da David Schramm suka yi hasashen cewa a irin wannan karon ake ƙera ƙarafa masu nauyi kamar zinariya.

Akwai wani zaren kuma da ya taso daga wani wuri dabam, daga tsoron bam. Mutanen Arewa sun san wannan tsoro tun da wuri, domin a Fabrairun 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta inda iskar hunturu ke biyowa. Bayan gwaji na uku gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961. A 1963 Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka ƙulla yarjejeniyar daina gwaji a sama, kuma da yake ba wanda ya yarda da wani, Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela su yi gadi. Ranar 2 ga Yulin 1967 Vela ta ga walƙiyar hasken gamma, haske mafi ƙarfi da ido ba ya gani, amma ba daga bam ɗin kowa ba. Daga can cikin samaniya ta fito. Sai a 1973 aka wallafa labarin, aka kuma shafe shekara 24 bayan nan ana ganin irin wannan walƙiya ba tare da an san daga ina take ba.

Dalilin jinkirin shi ne darasin farko. Walƙiyar daƙiƙoƙi take yi ta ɓace, kafin bayanin ya sauko ƙasa a tantance shi a sanar da masu madubi, kwanaki sun wuce. A 1993 wani ma'aikacin Goddard, Scott Barthelmy, ya rubuta wata manhaja da ke tsintar bayanin kai tsaye yayin da yake saukowa daga tauraron ɗan'adam, ta lissafa kusurwar da hasken ya fito, ta aika wa duk mai so cikin daƙiƙoƙi. Ba sabon madubi ya ƙera ba, hanyar saƙo ya gajarta. Wannan tsari shi ne ya zama GCN, wanda har yau masana falaki ke dogaro da shi. Ranar 28 ga Fabrairun 1997 tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya ƙuntata wurin wata walƙiya, madubin William Herschel da ke tsibirin La Palma ya juya can cikin ƙasa da kwana guda, ya tarar da ɗigon haske yana dusashewa. Daga ranar aka koyi sana'ar bin sawu: na sama ya yi kururuwa, na ƙasa ya juya.

Injunan LIGO guda biyu, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston, kimanin kilomita 3,000 tsakaninsu, kowanne yana da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4 da hasken leza ke kai da komo a ciki. Ranar 14 ga Satumban 2015 suka ji igiyar nauyi karo na farko, daga karon baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana 36 ɗaya 29. Canjin da aka auna a tsawon hannun injin bai kai kashi ɗaya cikin 100 na faɗin ƙwayar furoton ba. Sai dai LIGO kunne ne, ba ido ba. Idan tayar tirela ta fashe a titin Zariya da tsakar dare, kana kwance za ka iya cewa ta wajen Unguwa Uku ne ko ta wajen Dangi, amma ba za ka iya nuna gaban shagon da abin ya faru ba. Da kunne biyu kacal, yankin da aka zana a 2015 ya kai murabba'in digiri 600, alhali cikakken wata na daren 14 kashi ɗaya cikin biyar na murabba'in digiri guda yake rufewa. Ga shi kuma sanarwar ba ta isa ga masu madubi ba sai bayan kwana biyu. An duba, ba a ga komai ba, kuma ba a yi mamaki ba, domin baƙin rami ba ya barin tarkacen da zai haskaka. Abin da kowa ke jira shi ne karon taurarin niyutiron, da kunne na uku. Kunnen ya zo ranar 1 ga Agustan 2017, lokacin da injin Virgo da ke kusa da Pisa a Italiya ya shiga aiki tare da su.

Kwana 16 bayan nan, ranar Alhamis, saura mako biyu Babbar Sallah, da ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya, lokacin da masallatan Tarauni ke haramar azahar, igiyar ta ratsa duniya, ta ratsa mu duka. Ta ɗauki kusan daƙiƙa 100 tana ƙara sauri a cikin injunan, ba kamar ta baƙaƙen ramuka da ba ta kai daƙiƙa guda ba. Daƙiƙa 1.7 bayan ta yanke, tauraron Fermi ya ga gajeriyar walƙiyar gamma, kuma manhajarsa ta aika sanarwa ta GCN cikin daƙiƙoƙi ba tare da hannun mutum ba.

A ɓangaren LIGO ne abin ya cije, kuma duk wanda ya taɓa kula da manhajar da jama'a ke dogaro da ita zai ji wannan a jikinsa. Kusan daƙiƙa guda kafin ƙarshen igiyar, injin Livingston ya yi wata gajeriyar tangarɗa, ƙara mai ƙarfi da ta fito daga cikin na'urar kanta. Manhajar da ke tace bayanai ta yi abin da aka koya mata, ta ajiye bayanin Livingston gefe a matsayin gurɓatacce. Bayanin Virgo kuma ya makara a hanya. Sai ya zama Hanford kaɗai ke magana, kuma da kunne ɗaya ba a zana taswira. Mutane ne suka buɗe bayanin da idonsu, suka ga igiyar ɓaro-ɓaro a bayan tangarɗar. Sanarwa ta fita bayan minti 40, tana cewa an ji wani abu, ga kuma walƙiyar Fermi a lokaci guda. Yanke tangarɗar da hannu da sake lissafi ya ci awa biyar. Abin dariya, Virgo kusan bai ji komai ba, kuma rashin jin nasa ne ya taimaka. Kowane inji yana da kusurwoyin da yake kurma, to tunda igiya mai ƙarfi haka ta wuce shi, lallai daga ɗaya daga cikin waɗannan kusurwoyi ta fito. Da ƙarfe 6:54 na yamma agogonmu taswirar ta fita: murabba'in digiri 31, wurin da zai ci cikakken wata kusan 150, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130.

Daga nan abin ya koma wani aiki da Bahaushe ya sani sarai. Duk ranar 29 ga Sha'aban fadar Sarkin Musulmi kan ce a fita duban wata. An san ranar, an san ɓangaren, yamma ne, sama kaɗan da inda rana ta faɗi. An san lokacin gajere ne, idan ka tsaya neman takalmi jinjirin watan ya bi rana. Gajimare na iya rufe wa Kano ya buɗe wa Argungu, shi ya sa ake baza masu duba a garuruwa da yawa. Wanda ya gani kuma ba a karɓa haka kawai, sai ya kai wa hakimi ko sarkin yankinsa, a tambaye shi ina ya gan shi, ƙahonsa ina ya fuskanta, a haɗa da shaidar wasu, sannan a sanar. Yankin da taswirar 2017 ta nuna haka yake, yana yamma, kusa da rana, awa ɗaya ko biyu kawai yake bayyana bayan duhu ya shiga kafin ya faɗi. Bambancin shi ne kowa ya san kamannin jinjirin wata, wannan kuwa ɗigo ne guda cikin dubban ɗigo, wanda ya fi ƙarfin ido nesa ba kusa ba.

Dare yana tafiya ne daga gabas zuwa yamma, kuma Afirka ya fara riska. Madubin H.E.S.S. da ke Namibiya, wanda hasken gamma mai tsananin ƙarfi yake kamawa, ya juya can minti kaɗan bayan fitowar taswirar, awa biyar da 'yan mintuna bayan karon, har ya haɗa da ainihin wurin a cikin abin da ya duba. Amma ba irin hasken da zai iya gani ba ne. Sai aka jira rana ta faɗi a Chile, inda manyan madubai suka taru a kan duwatsun hamadar Atacama.

Wanda ya fara gani ba babba ba ne. Madubin Swope da ke Las Campanas faɗinsa mita ɗaya ne, tun 1971 yake aiki, kuma ɗan yanki kaɗan yake ɗauka a hoto guda, ba zai iya share murabba'in digiri 31 cikin awa ɗaya ba. Ƙungiyar Ryan Foley ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ta bi wata dabara da Neil Gehrels da abokansa suka rubuta a 2016, shi kuwa Gehrels ya rasu wata shida kafin wannan dare. Dabarar ita ce taurari ba a watse suke ba, gungu-gungu suke zaune, kuma tunda igiyar ta faɗi nisa, sai a ɗauko rumbun bayanan gungun taurarin da aka sani, a tace waɗanda suke cikin yankin kuma a daidai nisan, a jera su daga wanda ya fi yiwuwa. Ɗalibi David Coulter ya haɗa jerin, aka tsara hotunan yadda kowanne zai kama gungu fiye da ɗaya. Ba ka bi gida-gida a duk Kano neman baƙo ba, ka fara da gidajen da ake saukar baƙi. A hoto na tara, Charlie Kilpatrick ya ga ɗigon da babu shi a tsohon hoton gungun NGC 4993. An ɗauki hoton da ƙarfe 12:33 na dare agogon Najeriya, awa 11 ba kaɗan bayan karon.

Shaidu ba su yi wuya ba. Cikin awa guda wasu ƙungiyoyi biyar sun ɗauki hoton ɗigon, kowace da nata neman, har da ta DLT40 mai amfani da madubin da faɗinsa santimita 40 ne kawai. Daga nan aka riƙa miƙa shi kamar yadda aka miƙa Glenn: Chile ta saki, Hawai ta karɓa, Ostireliya ta karɓa, madubin SALT na Sutherland a Afirka ta Kudu ya karɓa, a koma Chile. Wuraren bincike kusan 70 ne suka shiga, a ƙasa da sama. Ɗigon ya fara da shuɗi, cikin 'yan kwanaki ya rikiɗe ja yana dusashewa, abin da babu wata sananniyar fashewar tauraruwa da ke yi da wannan sauri. Tauraron Chandra ya kama hasken eksire bayan kwana 9, madubin rediyo na VLA ya ji shi bayan kwana 16. An sanar da duniya ranar 16 ga Oktoba, kuma takardar da ta tattara labarin tana ɗauke da sunayen marubuta fiye da 3,000.

Abin da aka samu ya fi ƙarfin dare guda. An tabbatar karon taurarin niyutiron na haifar da gajeriyar walƙiyar gamma, irin wadda ta ɗaure wa mutane kai tun zamanin Vela. Igiyar nauyi da haske sun yi tseren shekara miliyan 130 sun iso da ratar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba, wanda ya nuna saurinsu ɗaya ne, ya kuma kashe ra'ayoyi da dama da aka gina don maye gurbin na Einstein. An auna saurin faɗaɗar sararin samaniya ta sabuwar hanyar da Bernard Schutz ya kawo tun 1986. Rikiɗewar launin kuma ta dace da abin da Brian Metzger da abokansa suka lissafa a 2010 suka kira kilonoba: tarkacen da ya haura nauyin duniyarmu sau 10,000 yana watsuwa, cike da sababbin ƙarafa masu nauyi. Jaridu sun yi ta cewa an ga inda ake ƙera zinariya. Gaskiyar ta fi haka taka-tsantsan, ƙarfen da aka tantance da sunansa a cikin hasken, a 2019, sitironshiyom ne, kuma masana na ci gaba da muhawara kan kason zinariyar da irin wannan karo ya samar. Duk da haka, akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa ɗan kunnen da ke cikin lefe, da siririn ruwan gwal ɗin da masu gyaran waya a Farm Centre ke gani a jikin allon wayar da suka buɗe, wani ɓangarensu daga irin wannan wuta ya fito kafin a halicci rana.

Mutane da yawa sun ɗauka daga nan abin zai zama ruwan dare. Bai zama ba. Ranar 25 ga Afrilun 2019 an sake jin karon taurarin niyutiron, amma injin Hanford ba ya aiki a lokacin, yankin ya kai dubban murabba'in digiri, nisan kuma ya ninka na 2017 kusan sau huɗu. An duba an gaji. Har annobar korona ta tsayar da zagayen sauraro na uku a Maris 2020 ba a sake kama hasken da kowa ya amince da shi ba, duk da cewa an ji gomman karo, akasarinsu na baƙaƙen ramuka. Ashe a 2017 abubuwa da yawa ne suka haɗu: kusa ne, injuna uku na kunne, Chile kuma babu gajimare.

Abin da ya canja shi ne ƙofar. A 2017 sai ƙungiyar da ta sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri ake aika wa sanarwa. Daga Afrilun 2019 a buɗe take ga kowa, manhaja ce ke fitar da ita cikin mintuna, taswira da nisa duk a ciki. An gina madubai na musamman don wannan farauta, GOTO a La Palma da Ostireliya, BlackGEM a Chile, wanda aka fara gwada samfurinsa MeerLICHT a Sutherland. Su kuma sun haifar da wata matsalar, ɗigo masu canjawa da suke kamawa a dare guda sun fi ƙarfin idon mutum, yawancinsu duwatsun sama ne, ko taurari masu ƙyaftawa, ko lahani a hoto. Madubin Vera Rubin da ya fitar da hotunansa na farko a Yunin 2025 an tsara shi ya riƙa fitar da sanarwa ta miliyoyi kowane dare. Tace su aikin manhaja ne, kuma mai kwamfuta a Tarauni da ya iya Python yana iya karɓar sanarwar GCN a daidai daƙiƙar da na Kalifoniya ke karɓa, in dai akwai wuta da data. Tun 2023 ma GOTO ke da shirin Kilonova Seekers, inda mutanen gari ke taya su duba hotuna ta intanet.

Yanzu ga lissafin da ya sa na zauna rubuta wannan, kuma duk mai manhajar taurari a wayarsa zai iya maimaita shi. A tsakiyar Agusta rana na faɗuwa a Kano wajen ƙarfe 6:45. Taswirar ta fita 6:54, ana cikin sallar magariba. Da ƙarfe 8:00, bayan isha'i, duhu ya gama shiga, gungun NGC 4993 yana kudu maso yamma, kimanin digiri 20 sama da doron ƙasa, wato taƙi guda idan ka miƙe hannunka. Bai faɗi ba sai wajen 9:30. Ma'ana, awa huɗu da rabi kafin hoton Swope, wurin yana saman Gyadi-Gyadi cikin duhu, taswirar kuma tana hannun waɗanda ke cikin jerin. Abin da ya kawo NASA a 1961 bai gushe ba, muna zaune a kan layin da dare ke riska bayan Asiya, kafin Amurka.

Ba na son in zuzuta. Agusta watan marka ne, daren da sama ke buɗewa a Kano ƙidayayye ne. Idan damina ta wuce kuma hazon da Glenn ya gani na nan tafe, ga fitilun birni da hayaƙin janareto. Digiri 20 ƙasa-ƙasa ne, inda iska ta fi kauri. Mai neman wuri da gaske ba cikin birni zai kafa ba, zai duba tudun Jos ne, ko duwatsun Azbin a arewacin Agadas da tsayinsu ya kai mita 2,000, inda kuma tsaro ke da tasa maganar. Najeriya na da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, da cibiyar binciken falaki a Nsukka, amma ƙarfin ƙasar ya fi tafiya ga taurarin ɗan'adam masu kallon ƙasa, tun daga NigeriaSat-1 na 2003. Ba laifi ba ne, ambaliya da gona sun fi kusa da tukunya. Sai dai madubi mai santimita 40 da ke buɗe rufinsa da kansa idan sanarwa ta zo, irin wanda ya kama ɗigon a Chile, kuɗinsa bai kama ƙafar na gadar sama guda ba. Abin da ya fi kuɗin wuya shi ne wutar da ba ta yankewa, intanet mai ɗorewa, da mutanen da za su yi shekara biyar suna kula da shi ko da ba a kama komai ba.

Kuma waɗannan awanni da suka wuce ba wanda ya duba ba ƙananan awanni ba ne. Har yau masana ba su daidaita kan abin da ya haifar da shuɗin hasken daren farko ba. Wasu sun ce zafin sababbin ƙarafan da ke ruɓewa ne tun daga farko. Wasu sun ce wani siririn feshin wuta ne ya huda tarkacen ya gasa shi, abin da aka gani kuma hucewarsa ce. Daga awa 11 zuwa gaba duka bayanan biyu suna iya dacewa da hotunan da ake da su. Inda suka fi rabuwa shi ne awannin farko, yadda hasken ya taso da launin da ya taso da shi. Hoton farko na ɗigon da ɗan'adam ke da shi na ƙarfe 12:33 na dare ne. Na ƙarfe 8:00 babu shi a rumbun kowa.